Maci Amanar Babi na Ƙarshe

A unguwarmu ba mai kirana da sunan yanka. Saura-Kaɗan suke ce mini, kuma surukina ne ya laƙaba mini, Allah ya ƙara masa lafiya ya rage masa kaifin harshe. Tsohon malamin tarihi ne. Shi dai ya yi ritaya, amma jan bironsa bai yi ba. Duk inda muka haɗu da baƙo, ko a layin asibiti ne, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Wannan mijin 'yata ne. Yana fara abubuwa."

Ban ce sharri yake mini ba. Na fara kiwon zomaye, na fara koyon gyaran agogo, na fara haɗa kantar littattafai wadda har yau bulo ne ƙafarta ta huɗu. To amma farawar ma ai baiwa ce, ba kowa ke da ita ba. Abin da nake nema a duniya bai taka kara ya karya ba: rana ɗaya tak tsohon nan ya dafa ni a gaban mutane ya faɗi wata magana daban. Wannan "yana fara abubuwa" tana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Aikina karanta mitar ruwa, gida-gida nake bi. Wata rana ina tsugune a bayan wani gida ina kankare laka daga gilashin mita, sai basira ta sauko mini: da a ce jirgin ruwan da ya kawo 'yan mulkin mallaka ya nutse tun kafin ya iso gaɓa fa? Na miƙe da sauri har na gwara kai da famfo.

Na ruga gida, na tarar da maiɗakina tana guga.

"Uwar yara, ajiye dutsen gugar nan. Daga yau matar marubuci ce ke."

"Ranar zomaye ma haka ka shigo," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wannan daban ne. Tarihi zan juya. Jirgin ya nutse, ba wanda ya mallake mu, ƙasa ta zama gagara-badau, tashar jiragen ruwanmu babu irinta. Kwatsam sai aka gano a majalisar tashar akwai maci amana, yana shirin sayar wa jikokin mutanen nan taswirar mashigar ruwa. Wane ne? Ba mai sani sai babi na ƙarshe. Mai karatu zai manta da tukunya a kan wuta."

"Baban yara, a duniyar da jirgin ya nutse, kantarmu tana da ƙafa huɗu?"

Ban kula ta ba. Manyan marubuta duk sun sha irin wannan a gida.

Mutanen littafi kuwa ban je nesa nemansu ba. Gidan hayar da muke ciki bene ne. A can sama mai gidan take, Inna Mai Bene, wadda kafin ka gan ta za ka ji ƙarar makullan da ke ƙugunta. Ita ce ta zama Uwar Makullai, mai tsaron ma'ajiyar tashar. A ƙasa akwai shagon Mai Aski, mutumin da ba ya iya magana sai yana kaɗa almakashi a iska, ya zama Sarkin Aska. Kusa da shi akwai mai kemis da kowa ke kira Likita, wanda ko takarda ka miƙa masa sai ya sansana, ya zama Sarkin Magani. Na kuma sa wani tsohon Ma'ajin Tarihi mai gyara wa mutane magana. Jarumin da ke farautar maci amanar shi ne Mai Duba Ruwa, dogo, mai cikar suma, wanda ke shiga kowane gida ya san sirrin kowa. Ni gajere ne kuma sanƙo ya fara cin gaban kaina, saboda haka ba mai cewa da kaina nake.

Abin mamaki, na rubuta. Wallahi na rubuta, har ni kaina tsoro ya kama ni. Da ya rage babi ɗaya, na kasa haƙuri na kai wa surukina. Ya karɓa, ya juya shafin ƙarshe, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ina ƙarshen?"

"Saura kaɗan, Baba."

"Na sani," in ji shi.

Da ya dawo mini da takardun, sai ka ce an yanka kaza a kansu. Ya gyara waƙafi, ya gyara iska, wai a wannan wata ba ta kaɗawa ta inda na ce har ta kifar da jirgi. A gefen wani shafi ya rubuta: "Tarihin ƙarya ma yana buƙatar gaskiya." Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na zauna a take na rubuta babi na ƙarshe, aka yaye mayafin maci amana, sai ga tsohon Ma'ajin Tarihi da jan bironsa, aka tasa ƙeyarsa zuwa kurkuku yana gyara wa masu gadi magana. Na karanta na yi dariya har da hawaye. Da na huce na san ba mai buguwa ba ne, na adana shi don ranar ɓacin rai. Sannan na rubuta na gaskiya, na ɗora laifin a kan Sarkin Aska, don Mai Aski ya taɓa ce mini sanƙona ya rage masa aiki.

Kamfanonin buga littafi kuwa, na yanke shawarar ba zan bari ko ɗaya ya ci arzikina ba, musamman da yake ba wanda ya amsa mini. Na nufi shagon Mai Inji, wanda ke buga katin gayyata da takardun jarrabawa a bakin titi.

"Kana buga littafi?"

"Maigida, abin da ka ba inji shi yake haifa. Ko kwafi ɗaya kake so, in buga in ɗinke in manna bango."

Kwafi ɗaya! Na ce ya fara buga mini guda da wancan babin na ɓacin rai, na kaina ni kaɗai. Na sa shi a aljihun kwat, duk ranar da Baba ya dafa ni sai in taɓa aljihun in ji sanyi.

Matsalata baki. Ana cewa baki shi ke yanka wuya, ni kuwa har kujerar aski na kai nawa. Mai Aski ya shafa mini kumfa, ya kwantar da kaina baya, ni kuma ina ta zuba.

"Kai, littafin nan zai girgiza ƙasa. Har kai kana ciki."

Almakashi ya tsaya. "Ni?"

"Sarkin Aska. Babban mutum a majalisa."

"Madalla! To na ji ana cewa akwai munafuki a ciki, mai sayar da ƙasa." Ya ɗauko aska ya goga a fata, ya ɗora ta daidai maƙogwarona. "Wane ne? Faɗa mini, ba mai ji."

Na haɗiyi yawu, na ji askar ta hau ta sauka tare da shi.

"Sarkin Magani ne."

"Likita?" Ya ƙyalƙyale da dariya, askar tana rawa a wuyana. "Wallahi na daɗe ina zarginsa! Mutum ya riƙa sansana kaya haka kawai? Allah ya yi maka albarka. Yau askinka kyauta ne, dama ba yawa."

Na roƙe shi ya riƙe sirri, ya rantse. Na fito ina lissafi: ai ba wani abu ba ne, babi ɗaya ne zan sake. Na je gida na sake shi, Sarkin Magani ya ci amanar ƙasa.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da ni, maiɗakina ta tura ni kemis. Likita ya ja labule, ya ce in sassauta wando in dafa bango. Ina jin ƙarar kwalbar allura a bayana.

"Saura-Kaɗan, kwanan nan duk na wuce Mai Aski sai ya dube ni ya yi dariya. Ya ce in jira littafinka." Ya sansana audugar da zai goga mini. "Me ka rubuta a kaina?"

"Alheri, Likita. Sarkin Magani, mai ceton rayuka."

"Maci amanar fa?"

Na waiga na ga tsinin allurar. Ban taɓa sanin suna yin tsawo haka ba.

"Uwar Makullai ce. Wa ke da makullin ma'ajiyar taswira in ba ita ba?"

"Inna?" Ya yi ƙasa da murya. "Kai, ka san mutane! Matar da ta hana ni kafa allo a bango. Sassauta jiki, ba za ka ji komai ba."

Kuma ban ji ba. Na koma gida ina ɗingishi na sake babin, Uwar Makullai ta ci amanar ƙasa.

Ita kuwa a matakala ta tare ni. Tun daga sama na ji ƙarar makullai, ba hanyar gudu. Ta tsaya a tsakiya ta cika wurin.

"Ɗan nan."

"Na'am, Inna. Barka da rana."

"Yaran ƙasan nan biyu, mai aski da mai kemis, in sun gan ni sai su yi ta ƙus-ƙus. An ce ka sa ni a littafi."

"Uwar Makullai, Inna. Duk ƙasar a hannunki take."

"Haka ya kamata. An ce kuma akwai ɓarawo." Ta zaro makulli ɗaya daga cikin tarin, na gane irin na ƙofarmu ne, ta riƙa juya shi. "Ɗan ƙanwata zai yi aure, yana ta neman ɗaki mai iska irin naku. Na ce masa a'a, mutanen kirki ne a ciki. Wane ne ɓarawon?"

"Sarkin Aska, Inna. Tun farko ma shi ne."

"Dama mai riƙe wuƙa a wuyan mutane ai ba abin yarda ba ne. Wuce, ɗan albarka."

Na zauna a ɗaki da ƙarshe uku a gabana, ban da na aljihu. Gaba kura, baya siyaki, gefe kuma allura. Wani zai rikice, ni kuwa a nan ne basirata ta nuna kanta. Na tuna maganar Mai Inji, na buga cinya.

"Uwar yara, an gama! Kashi uku zan buga. Bango ɗaya, labari ɗaya, babin ƙarshe ne kawai daban. Mai Aski da abokansa su sayi wanda Likita ya ci amana. Likita da masu sayen maganinsa su sayi na Inna. Inna da danginta su sayi na Mai Aski. Kowa ya kwana da daɗi."

Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. "Su kuma ba sa magana da juna?"

"Haba! Wa ke karanta littafi har ƙarshe a unguwar nan?"

"Baba yana karantawa."

"Baba zan ba shi wanda Mai Aski ya ci amana, ba ya aski a nan."

"Baban yara, ramin ƙarya fa ƙurarre ne."

"Wannan ba ƙarya ba ce, adabi ne."

Mai Inji bai tambayi dalili ba. Ya buga, ya ɗinke, ya manna bango mai hoton jirgi yana nutsewa, wanda wasu suka ce ya fi kama da takalmi a cikin bokiti. Ya zuba a kwali uku, na zana wa kowanne alama: almakashi, allura, makulli. Na kai wa mutanen nan uku nasu tun kafin bikin ƙaddamarwa, kowa da irin nasa. Washegari Mai Aski ya sara mini daga nesa, Likita ya ba ni maganin tari ban yi tari ba, Inna ta sa aka gyara mana famfo. Su kuwa in sun haɗu a ƙofar gida, kowa sai ya gai da ɗan'uwansa cikin tausayi.

Sai babban al'amari. Na kai wa Baba nasa, na durƙusa na roƙe shi ya zama mai sharhin littafi ranar ƙaddamarwa. Ya juya shafin ƙarshe, ya ga an rubuta "Ƙarshe", ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa.

"Ka gama?"

"Na gama, Baba."

Ya amsa zai zo, har ya samo mana ɗakin taro na makarantar da ya koyar. Na fito ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ina ta jin yadda zai faɗe ta: "Wannan mijin 'yata ne, marubuci."

Ranar taro na tsara wurin zama kamar mai shirin yaƙi. Mutanen Mai Aski a dama, na Likita a hagu, dangin Inna a tsakiya, kowane ɓangare da kwalinsa a kusa. Na sa aka ɗauko kantata daga gida da bulonta, don jama'a su ga marubucin kafinta ne kuma. Komai na tafiya daidai har mai hoto ya iso.

"Maigida, kwali ba ya kyau a hoto. Manyan marubuta hasumiya ake gina musu da littattafai."

Manyan marubuta! Ban tsaya tunani ba. Na juye kwalayen na gina hasumiya a kan kantar tawa, amma da dabara: na almakashi a gefe ɗaya, na allura a gefe ɗaya, na makulli a tsakiya. Ni kaɗai na san sirrin ginin. Da na kai ƙololuwa sai ya rage guda ɗaya da zai tsaya a tsaye ya nuna bango, kwalaye kuma sun ƙare. Mai hoto yana ta "yi sauri, haske zai gudu." Na laluba aljihun kwat na ciro na ɓacin rai na kafa shi a sama, da niyyar in an ɗauki hoto in mayar da abina.

Zafi ya yi yawa a ɗakin, fanka ba ta aiki, ƙofa kuma sai rufe kanta take yi. Inna Mai Bene, da yake duk inda ta shiga ita ce mai gida, ta waiga tana neman abin tokare ƙofa. Idonta ya faɗa kan bulo.

"Wane sakarai ne ya bar bulo a ƙarƙashin kanta?"

"Inna, kada..."

Ta riga ta janye. Kantar ta yi ɗan tunani, ta durƙusa, hasumiya ta zube har ƙarƙashin kujeru. Mai hoto ya ce ya samu, ya yi kyau.

Jama'ar unguwarmu akwai taimako. Kafin in buɗe baki kowa ya duƙa ya tsinci guda, wasu suna miƙa wa na baya. Na bi su ina "ku kawo, ku kawo in jera," suna "haba, bar shi, ai saya za mu yi." Na dudduba ƙasa ina neman na ƙololuwa, bangon duk iri ɗaya ne, takalmi a bokiti ko'ina. Gumi ya keto mini har cikin safa.

Ana cikin haka Baba ya shigo da sandarsa. Ya hau mumbari, ya laluba jakarsa, ya ce ya manta nasa a gida. Maiɗakina ta tsinci guda a gindin mumbarin ta miƙa masa. Na dube ta, ta dube ni, ba ta san abin da ta yi ba, ni ma ban tabbata ba.

Ya fara da kyau, har na ji ƙwalla. Ya ce littafin yana da kurakurai, amma ya hana shi barcin rana. Ya ce iskar da ta kifar da jirgin yanzu tana kaɗawa daidai. Sannan halin malanta ya motsa.

"Kowa ya buɗe babi na ƙarshe. Tare za mu karanta, da ƙarfi."

Na yi tsalle. "Baba, ai za a ɓata wa masu karatu! Sirrin littafin ke nan!"

"Zauna. Tarihi ba a ɓoye ƙarshensa. Rabin mutanen nan ni na koyar da su, na san in ba a gabana ba, ba za su kai nan ba."

Takardu suka yi ta ƙara. Mai Aski ya gyara zama yana satar kallon Likita. Likita ya sansana nasa yana murmushi wajen Inna. Inna ta miƙa wa jikarta ta karanta mata, tana kaɗa makullai. Baba ya ɗaga hannu, ɗaki ya ɗauka baki ɗaya kamar 'yan aji:

"Mai Duba Ruwa ya miƙa hannu, ya yaye mayafin maci amana, sai ga..."

"Sarkin Aska!"

"Sarkin Magani!"

"Uwar Makullai!"

Duk a lokaci guda. Ɗakin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. A cikin shirun nan sai muryar Baba ita kaɗai, da yake shi ba ya tsayawa sai ya kai aya, ta fito ta lasifika:

"...tsohon Ma'ajin Tarihi, da jan bironsa a hannu, yana cewa masu gadi ba haka ake furta kurkuku ba."

Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Mai Aski ne ya fara miƙewa, yana ɗaga littafin da ya tsinta. "Ni? Nan an ce ni ne! Na gidana kuwa Likita ne!"

"Ni?" in ji Likita. "Wallahi na gidana Inna ce, har na karanta wa matata sau biyu!"

"Ni ce me?" Inna ta taso, makullai suna kuka. "Kai mai sansane-sansane, dama shi ya sa kake gaishe ni da 'Allah ya ba da haƙuri'?"

"Ke ma ai 'Allah ya shirya' kike ce mini," in ji Mai Aski. "Na zaci addu'a ce!"

Suka yi ta musayar littattafai, kowa na duba na maƙwabcinsa. Wani daga baya ya ɗaga murya wai shi yana son na Inna, wa zai yi musanya da na Likita. Can sai suka tuna da ni, su uku suka juyo.

"Askin kyauta na yi maka!"

"Allurar nan da na sani da na juya ta!"

"Famfo! Har famfo na gyara maka, ɗan nema!"

Na ja da baya har na taka kantata. "Jama'a, ku tsaya ku fahimta. Wannan sabon salo ne. Tunda tarihi zai iya canzawa, me zai hana..."

"Baban yara," maiɗakina ta ce a hankali, "yi shiru, ko Allah ya sa a bar maka haƙora."

Baba ya buga sanda a ƙasa. Tsofaffin ɗalibai suka zauna ba shiri, har Inna ta nemi kujera. Ya sa aka kawo masa kowane iri, ya jera huɗu a gabansa, ya zaro jan biro. Ni dai ba Inna nake tsoro ba a lokacin, ba aska ba. Fuskarsa nake kallo, ina jin abin da na gina da hannuna yana rushewa.

"Littafi ɗaya, maci amana huɗu," in ji shi. "Ko a ƙasar da aka mallaka ba a samu haka ba. To mu bi hujja, yadda ake yi a aji. Sarkin Aska ya taɓa shiga ma'ajiyar taswira?"

"Bai taɓa ba!" in ji Mai Aski.

"Sarkin Magani yana wurin masu jinya daren da aka yi satar. Uwar Makullai ita ta kai ƙara. Ma'ajin Tarihi kuwa," ya dube ni ta saman tabarau, "mutumin kirki ne, illarsa kawai yana aurar da 'ya'yansa ba bincike."

Ɗaki ya fashe da dariya. Ya ɗaga hannu.

"Amma akwai mutum ɗaya a littafin nan da ke shiga kowane gida da sunan duba ruwa. Ya san sirrin kowa. Ya je wurin wannan ya ce wancan ne, ya je wurin wancan ya ce wannan ne. Wane ne?"

Wannan karon amshin bai rabu ba. "Mai Duba Ruwa!"

"Baba, ai shi ne jarumin!" na ce. "Dogo ne, ga suma..."

"Shi ya sa ba mai zarginsa. Ka koma ka rubuta haka. A nemo bulo a tokare masa kanta, a ba shi kujera. Ba mai fita sai ya gama."

A gabansu na rubuta shi, Mai Aski a damana yana kaɗa almakashi, Likita a haguna, Inna a bakin ƙofa da makullan makarantar da ban san yadda aka yi suka koma ƙugunta ba. Kowa da shawararsa. Inna ta ce a jefa shi teku, Likita ya ce a fara yi masa allura, Mai Aski ya dage sai an aske sumar nan tukuna, a ga ashe ta aro ce. Maiɗakina ta roƙa a sassauta a bar shi da rai saboda yara. Baba yana tsaye a kaina, ina rubutu yana sa waƙafi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, babin ya yi kyau. Duk alamun da na watsa a littafin ba tare da na san inda suka dosa ba, sai ga su sun taru a kan mutumin nan kamar da gangan. Mai Inji ya ɓalle tsofaffin ƙarshen ya ɗinka sabo, kafin wani lokaci kwalaye sun ƙare ya sake bugawa. Yanzu in na shiga gida karanta mita, matan gida sai su ce wa yara a rufe ɗakuna, ga mai sayar da taswira nan. Na bar musu, shahara ba ta zuwa yadda mutum ya yi oda.

Kwanan baya na raka Baba asibiti a duba masa ido. Muna layi sai ga wani tsohon abokin aikinsa. Suka gaisa, mutumin ya dube ni. Na ji hannun Baba ya sauka a kafaɗata, na taɓa aljihun kwat na ji ba komai.

"Wannan mijin 'yata ne," in ji shi. "Shi ne ya ci amanar ƙasa."

Mutumin ya ja baya da sandarsa.

"A babi na ƙarshe," Baba ya ƙara. "Ka nemi littafin ka karanta. Ya gama shi."

Na juya na yi kamar ina karanta allon gwajin ido, don haruffan sun fara yi mini ruwa-ruwa. Baba ya miƙo mini hankicinsa ba tare da ya dube ni ba.

"Kantar fa?"

"Saura kaɗan, Baba."